Dafa Dutse: Gansakuka, Murjani da Haƙurin Mai Tankin Ruwan Gishiri

A duk abin da ke cikin tankin ruwan gishiri, dutse ne baƙo ya fi rainawa, kuma shi ne mai tankin ya fi tattali. Baƙo kifi yake kallo, sai murjanin da ke rausaya a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Mai tankin kuwa ya san cewa in kifi ya mutu ana iya sayen wani a yini guda, amma dutsen da ya shekara biyar yana nuna a cikin ruwa babu kantin da ke sayar da irinsa. Shi ya sa ranar da koren gashi ya fara tsirowa a kansa hankali yake tashi, kuma sau da yawa ɓarnar da gaggawa ke yi wa tanki ta fi wadda gansakukar za ta yi.

Shekara bakwai ke nan ina kiwon murjani a tanki mai cin lita 300, kuma tambayar da abokai masu sha'awar farawa suka fi yi mini ita ce, wane magani ake zubawa gansakuka ta mutu? Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Akwai magunguna, zan kuma ambace su a gaba. Sai dai gansakuka 'yar gida ce, tana kan dutsen tun ranar da aka sa shi a ruwa. Takan bunƙasa ne idan ta sami abinci, ta sami fili, kuma babu mai cin ta. Wanda ya gyara waɗannan ya huta. Wanda ya tsaya ga gogewa kaɗai zai yi ta gogewa har ya gaji ya sayar da tankin.

Dutsen da ake ce wa mai rai

Murjani na gaske, irin wanda iyayenmu mata ke adanawa a cikin kayan ado, ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ce. Danginta da ke zaune a ruwa mai ɗumi su ne ke gina tsaunukan murjani na Bahar Maliya da Indonesiya da Ostareliya. Kowace dabba tana fitar da sinadarin kalsiyam kabonet, wato abin da ɓawon ƙwai ya ƙunsa, ta gina wa kanta mazauni. In ta mutu mazaunin ya zauna, wasu su yi gini a kansa. Ɓaraguzan wannan gini da igiyar ruwa ta kakkarya su ne ake kira dutse mai rai.

Shi kansa dutsen ba ya numfashi. Mazaunansa ne ke da rai. Cike yake da ramuka kamar soso, kuma a cikin ramukan akwai bakteriya da tsutsotsi da ƙananan jatan lande da sosan ruwa. Bakteriyar ce ke riƙe da tankin. Kifi yana fitar da ammoniya, wadda guba ce gare shi. Wani rukuni na bakteriyar da ke kan dutsen yana mayar da ita naitirait, wani rukunin ya mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta na farkon ba. A can cikin zurfin ramuka, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, wasu sukan mayar da wani ɓangare na naitiret ɗin iskar naitirojin ta fice daga ruwan. Tun farkon shekarun 1960 wani mai kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa da irin wannan dutse da iska ana iya riƙe halittun teku a gida, daga baya kuma masu wannan sha'awa a Jamus suka gina tsarin da ake kira na Berlin a kan wannan tushe.

Wannan shi ne abin da ke cikin haɗari. Duk dabarar da za ta kashe gansakuka ta kashe mazauna dutsen tare da ita, ta mayar da tanki mai shekaru kamar wanda aka kafa jiya.

A fara sanin wace ce

Kalmar gansakuka a bakinmu ta haɗa duk wani kore da ke kwanciya a randa ko a bakin rijiya. A tanki dole a rarrabe, domin kowace da abin da take faɗa.

Akwai ƙura ruwan kasa da ke rufe yashi da gilashi a makonnin farko na sabon tanki. Ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda da ke gina ɓawonsu da silika, kuma in silikar da ke cikin ruwan ta ƙare sukan tafi da kansu. Akwai jan yauƙi mai kama da majina, wanda ke kwanciya a lungun da ruwa ba ya gudu sosai. Wannan bakteriya ce mai amfani da haske, ana tsotse ta da mesa a kuma ƙara ƙarfin gudun ruwa a wurin. Akwai koren gashi, wanda ya fi kowacce yawa a kan dutse. Akwai Bryopsis, mai kama da gashin tsuntsu, wadda ke kafa saiwa a cikin ramukan dutse ta sake tohowa daga ɗan guntun da aka bari. Akwai kuma Valonia, korayen ƙwallaye masu sheƙi kamar dutsen ado. Kowace ƙwallo ƙwayar halitta guda ce tak, tana cikin mafi girman ƙwayoyin halitta da aka sani.

Sannan akwai waɗanda ake so. Ɓawon nan mai launin hoda da shunayya da ke lulluɓe tsohon dutse shi ma gansakuka ne, mai tara kalsiyam a jikinsa. A teku shi ne simintin da ke ɗinke ɓaraguzan tsaunin murjani, kuma jariran murjani da yawa a kansa suke zaɓar sauka. Shi kansa murjanin yana ɗauke da wata gansakuka mai ƙwayar halitta guda a cikin tsokarsa. Ita ke sarrafa hasken rana ta ba shi mafi yawan abincinsa, kuma idan zafi ya sa ya kore ta sai ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Don haka tankin murjani ba ya rayuwa babu gansakuka. Aikin mai tanki shi ne ya fifita wata a kan wata.

Me ya sa ba a ƙyale koren gashin ba? Yana tare wa murjani haske, yana goga masa jiki, yana kuma tara datti a tsakanin zarensa. A 2006 Jennifer Smith da abokan aikinta sun nuna cewa sinadarai masu kama da sukari da gansakuka ke zubarwa suna ciyar da bakteriya a jikin murjani, har su shanye iskar oksijin da ke wurin, tsokar ta mutu. Bayan haka Douglas Rasher da Mark Hay sun nuna cewa wasu nau'o'in suna da guba a fatarsu da ke ƙona murjani da zarar sun taɓa shi. Murjanin da ya shekara uku kafin ya kai faɗin tafin hannu yana iya rasa gefe guda a cikin 'yan makonni.

Ruwa ba ya tsami banza

Abincin gansakuka haske ne da naitiret da fosfet, wato kusan takin da manomi ke zuba wa masara. A tanki ƙofofin shigowarsu sanannu ne. Ta farko ita ce abincin kifi: duk abin da aka zuba, ko an ci ko ba a ci ba, a ruwan zai ƙare. Ta biyu ruwan famfo, wanda a wurare da yawa yake ɗauke da fosfet da silika, kuma tun da kullum ruwa na tafiya a tururi ana cikawa, abin da ke cikinsa taruwa yake yi. Shi ya sa ake tace ruwa da na'ura ta musamman har sai ma'aunin narkakkun sinadarai ya nuna sifili kafin a haɗa shi da gishiri. Ta uku kuwa, wadda ta fi ruɗa mutane, dutsen ne da kansa. Kalsiyam kabonet yana kama fosfet ya riƙe. Dutsen da ya daɗe a ruwa mai datti ya zama rumbu, kuma da zarar an tsabtace ruwan sai ya fara sakin abin da ya tara a hankali. Gansakukar da ke zaune a kansa ita ce ta farko a bakin rumbun.

A nan ne ma'auni yake yaudara. Mutum zai gwada ruwansa ya ga fosfet sifili, alhali dutsensa ya yi gemu. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, abin da ya rage a ruwa yake aunawa, gansakukar kuwa ta riga ta cinye kasonta kafin a ɗebi ruwan gwaji. Idan kore yana girma, to abinci yana shigowa, ko da me takardar ta nuna.

Hanyoyin rage abincin ba su da wuya. A rage abin da ake ba kifi zuwa abin da za su cinye a cikin minti ɗaya ko biyu. A riƙa canza kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako. A kula da na'urar kumfa, wadda ke tattara datti a kofi kafin ya ruɓe. Ana iya sa garin tsatsar ƙarfe da aka yi domin kama fosfet. Ni abin da na fi dogara da shi shi ne kiwon wata gansakuka mai kama da sosan ƙarfe, Chaetomorpha, a ƙaramin tanki da ke ƙarƙashin babban, da fitilarta ta daban da ke kunne da dare. Tana cin abin da koren gashi zai ci, duk mako biyu kuma in ɗebi dunƙule in zubar, fosfet ɗin da ta sha ya fita tare da ita. Walter Adey na cibiyar Smithsonian da ke Amurka ya yi amfani da irin wannan tunani shekaru da yawa da suka wuce, inda ya riƙa tsabtace manyan tankunan murjani ta hanyar kiwon gansakuka a kan raga yana girbe ta.

Sai dai akwai iyaka. Murjani ma yana buƙatar ɗan naitiret da fosfet. Masu kiwo da yawa suna neman fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 a cikin miliyan, naitiret kuma tsakanin 2 da 10. Tankin da aka tatse har ya kai sifili na gaske yakan gayyato wani yauƙi ruwan kasa mai kumfa, wanda wasu nau'o'insa ke da guba har su kashe katantanwa, kuma korarsa ta fi korar koren gashi wahala. A sauke fosfet a hankali, cikin makonni, domin saukar gaggawa tana firgita murjani.

Aikin hannu

Rage abinci yana hana sabuwa girma, amma wadda ta riga ta tsiro tana riƙe da taki a jikinta, in ta mutu a cikin tanki ta mayar da shi ruwa. Dole a fitar da ita da hannu.

Ga yadda nake yi. Ranar canjin ruwa nakan kashe famfunan da ke kaɗa ruwa, in riƙe mesa a hannun hagu tana zuƙa zuwa bokiti, in tsinke gashin da yatsun dama daidai bakin mesar, don kada guntaye su watsu. Dutsen da ba shi da murjani a kansa, kuma ba shi ke riƙe da ginin ba, nakan ciro shi in sa a bokitin tsohon ruwan tankin, in goge shi da buroshin haƙori, in ɗauraye a bokiti na biyu, in mayar. Ruwan famfo ba ya taɓa shi, domin ruwan da babu gishiri yana fasa ƙananan halittun da ke kansa. Ba na goge fiye da kashi ɗaya cikin uku na duwatsun a mako guda. Valonia kuwa da ɗan tsinke ake ɓamɓaro ta daga tushe, a yi ƙoƙari kada ta fashe, mesa na kusa ko da ta fashe.

Inda ta kafe a rami, ruwan wanke ciwo na haidurojin ferokzaid mai ƙarfin kashi uku cikin ɗari, wanda ake samu a kantin magani, yana aiki. A wajen tanki ake ɗiga shi a kan wurin kaɗai, a bar shi 'yan mintuna, a ɗauraye. Bayan kwana biyu ko uku gashin zai yi fari ya zube. Ba ya bambance mai amfani da marar amfani, don haka ɗigo ake yi. Ga Bryopsis, masu kiwo sun gano cewa fulukonazol, maganin da ake ba mutane don cutar funfuna, yana narkar da ita a cikin mako biyu zuwa uku. Yana aiki, amma duk takin da ke jikinta yana komawa ruwa, kuma in ba a shirya kwashe shi ba wata ce za ta gaje wurin.

Akwai gargaɗi guda da ya shafi ran mutum. Wasu ƙananan dangin murjani masu kama da furanni, musamman Palythoa, suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin gubobin da aka sani a halitta. A 1971 masana a Hawai suka fara ware ta, daga wata halitta da mutanen Hana a tsibirin Maui suka daɗe da sanin tana kisa. Waɗannan halittu kan laɓe a jikin dutse ba a lura ba. In aka tafasa dutsen, ko aka zuba masa ruwan zafi, ko aka kankare shi da ƙarfi a ɗaki rufe, gubar na iya bin tururi ta shiga huhu. A 2018, a wani ƙauye da ke Oxfordshire a Ingila, an kwashi mutum goma zuwa asibiti, har da ma'aikatan kashe gobara, bayan an tsabtace duwatsun tanki a cikin gida. Safar hannu da tabarau wajibi ne, gogewa kuma a ƙarƙashin ruwa ake yin ta. Dutsen teku ba ya hawa murhu ko da wasa.

Bakunan da ke kiwo

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dutsen da aka goge tas fili ne, kuma a ruwa mai haske fili ba ya kwana babu mai shi. Koren gashi ya fi ɓawon shunayya saurin girma nesa ba kusa ba, saboda haka in aka bar su su biyu shi zai riga. Abin da ke juya gasar shi ne bakin da ke aske wurin kowane dare.

Tekun Karibiyan ya koya wa duniya wannan da tsada. A Jamaika yawan kamun kifi ya riga ya rage kifayen da ke cin gansakuka, aikin kiwo ya koma kan wata baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum. A 1980 guguwar Allen ta kakkarya murjani ta buɗe fili. A farkon 1983 wata cuta ta ɓulla a gaɓar Panama, cikin kusan shekara guda ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyoyin a faɗin yankin. Terry Hughes, wanda ya bi diddigin tsaunukan Jamaika, ya wallafa a 1994 cewa murjanin da ke rufe fiye da rabin ƙasan tekun a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi biyar, manyan gansakuka kuwa sun tashi daga kashi huɗu zuwa 92. A 2022 annoba ta sake afka wa bushiyoyin da suka fara farfaɗowa, kuma danginsu a Bahar Maliya ma sun mutu da yawa a wannan tsakani.

Gaɓar Kaneohe a Hawai ta nuna ɗaya fuskar. An shigo da wasu nau'o'in gansakuka can a shekarun 1970 domin gwajin noma su, suka kuɓuce suka lulluɓe murjani. Ma'aikata suka ƙera wata babbar na'urar zuƙa a kan kwale-kwale, masu nutso suna cusa mata gansakuka da hannu. Wurin yakan yi fes, bayan watanni ya koma yadda yake. Daga 2011 aka fara ƙyanƙyasar bushiyar teku 'yar asalin yankin ana sakin ta a wuraren da aka share. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna raguwar kusan kashi 85 cikin ɗari a shekara biyu. Hannu ya kwashe mai yawa, baki ya hana tohowa.

Tsarin ɗaya ne a tanki. Katantanwa irin Trochus da Turbo suna aske gajeren kore amma ba sa iya dogon gashi, shi ya sa tsinkewa ke zuwa kafin su. Ƙaramar bushiya Mespilia tana kankare dutse har ƙasa, sai dai takan ci ɓawon shunayya ma, ta kuma ɗauki duk abin da ba a manna ba ta ɗora a ka. Koriyar ƙaguwa ta Karibiyan takan ci Valonia. Zomon teku, wata katantanwa mai laushi da ta kai girman dunƙulen hannu, yana iya share koren gashi a 'yan makonni, amma in ya gama yunwa ce za ta kashe shi, don haka kafin a kawo shi a san tankin da zai koma. Kifaye masu kiwo suna buƙatar wurin iyo mai faɗi, ƙaramin tanki kurkuku ne gare su. Kada kuma a zuba katantanwa hamsin a tankin da zai iya ciyar da goma: arba'in za su mutu su zama taki.

Mai haƙuri yakan dafa dutse

Wani lokaci rumbun fosfet ɗin da ke cikin dutse ya yi yawan da ba a iya gyara shi a gaban murjani. Masu wannan sha'awa a Amurka suna da wata dabara da suke kira da kalmar da ma'anarta dafawa ce, ko da yake babu wuta a cikinta. Duk lokacin da na ji ta sai karin maganarmu ta faɗo mini, cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Shekara uku da suka wuce na sayi kusan kilo goma sha biyar na tsohon dutse daga wani mutum da zai ƙaura ya rufe tankinsa. Gashi ya rufe shi har ba a ganin siffarsa, shi ya sa ya yi araha, amma mara nauyi ne mai yawan ramuka, irin wanda samunsa ya yi wuya yanzu da ƙasashe da dama suka taƙaita ɗibar dutse daga teku. Na tsinke abin da hannu zai iya, na jera duwatsun a baƙar robar ajiye ruwa mai murfi, na cika ta da sabon ruwan gishiri mai nauyin 1.025, na sa famfo da na'urar ɗumama ruwa a kan digiri 25, na rufe. Duhu yana kashe gansakuka, bakteriya kuwa ba ruwanta da haske, tana ci gaba da cin dattin da ke cikin ramuka.

Kowace Asabar nakan ciro dutse ɗaya bayan ɗaya, in jijjiga shi a bokiti har laka ta fito, in zubar da ruwan robar gaba ɗaya in zuba sabo. A makon farko ruwan bokitin kamar na kududdufi, ma'aunin fosfet kuma ya kusa kaiwa ɗaya. A mako na huɗu gashin ya narke, amma adadin bai sauka sosai ba, domin dutsen na ci gaba da amayar da abin da ya sha. Sai a mako na tara ya tsaya ƙasa da 0.1, ya kuma zauna a nan har mako na goma. Abin da na ciro fari ne kamar ƙashi. Ɓawon shunayyarsa ya kode, amma sosan ruwa da ƙananan tsutsotsi masu bututu suna nan a ƙarƙashinsa da ransu. Na sa shi a tanki tare da katantanwa takwas. Bayan kusan wata biyu ɗigon hoda kamar ƙwayar gero suka fara bayyana. Sai da aka shekara kafin su haɗe su rufe fuskar dutsen. Don wannan ɓawo ya yi girma, ruwan yana buƙatar kalsiyam wajen 400 zuwa 450 da magniziyam wajen 1300, kuma tsayuwar adadin wuri guda ta fi yawansa muhimmanci. Inda ɓawon ya kafu koren gashi ba ya samun wurin kamawa cikin sauƙi.

Inda ake zubar da ita

Abin da aka ciro daga tanki yana da rai, kuma guntu kaɗan ya isa iri. A 1984 aka ga wani ɗan fili na Caulerpa taxifolia, gansakukar ado da ake kiwo a tankuna, a Bahar Rum ƙarƙashin gidan adana halittun teku na Monako. Faɗinsa bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Zuwa 2000 ta mamaye dubban hekta a gaɓar ƙasashe shida. A wannan shekarar aka gan ta a wani tafkin gaɓar teku a kudancin Kalifoniya. Hukumomi suka lulluɓe ta da tamfol suka zuba sinadarin kulorin a ƙarƙashi, kuma sai a 2006, bayan kashe miliyoyin daloli, aka tabbatar an gama da ita. Wanda ke zaune kusa da teku, a Legas ko Jidda ko Fatakwal, ya sa abin da ya tsinke a leda, ya daskarar da shi a firiza na kwana ɗaya ko biyu, sannan ya jefa a shara. Ruwan tanki ma kada ya bi magudanar da ke zuba a teku.

A Fiji, Danielle Dixson da Mark Hay sun wallafa a 2012 cewa idan wata gansakuka mai guba ta taɓa murjanin Acropora, yakan saki wani ƙamshi a ruwa, ƙananan kifayen da ke zaune a tsakanin rassansa su fito cikin mintuna su datse zaren da ya taɓa shi. Ba sa bin ta har tushe. Iyakar da ke tsakaninta da gidansu suke gyarawa, su koma. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan a tankina. A bayan duwatsu, kusa da bututun da ruwa ke fita, akwai ɗan kore da nake bari, domin nan ne ƙananan jatan lande ke hayayyafa, kifi na samun abin tsinta, katantanwa kuma ba sa kwana da yunwa. Nakan duba shi kowane mako. In tsawonsa bai wuce na makon jiya ba, na san abin da ke shiga tankin da abin da ke fita sun daidaita. In ya ƙaru, nakan rage abincin kifi, in duba matatar ruwa, in jira mako biyu kafin in taɓa wani abu.